Surar Mutum a Zanen Kwamfuta

Kalmar "hoto" aro ce daga Ingilishi, kuma tun shigowarta Bahaushe ya ɗauke ta da ma'anar abin da kyamara ta ɗauka, wato abin da ya wanzu a zahiri. "Zane" kuwa aikin hannu ne. Fasahar kwamfuta ta rushe wannan iyaka, domin a yau ana iya ƙirƙiro fuskar mutumin da ba a taɓa haifa ba, ta fito tamkar an ɗauke ta a situdiyo.

Hanya ta farko ta yin hakan ita ce gini. Mai zane yakan tsara jiki gaɓa-gaɓa, ya lulluɓe shi da fata, ya dasa gashi, sannan ya haska shi. Manhajar Poser ta fito a 1995, Blender ta zama kyauta a 2002, MetaHuman kuma ta biyo baya a 2021. Wahalar aikin tana ga ido da fata. Tun a 1970 wani masani ɗan Japan, Masahiro Mori, ya lura cewa idan sura ta kusa zama mutum amma ba ta kai ba, maimakon ta burge sai ta ba da tsoro. Wannan hanya tana bukatar kwamfuta mai ƙarfi da tsayayyar wutar lantarki, shi ya sa ba ta yi saiwa ba a ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da Tsanyawa da Kunci. Abin da ya karɓu a garuruwan yankin shi ne gyaran hoto da Photoshop, don kalandar biki da fastar 'yan takara.

Hanya ta biyu ta yaɗu daga 2022, lokacin da Midjourney da Stable Diffusion suka bayyana. A nan mutum yakan rubuta siffar da yake so, ƙirƙirarriyar basira ta fitar masa. Waya da data sun wadatar, ko da saurayi ya taso daga gona ne.

Sai dai na'urar ta koyi aikinta ne daga hotunan intanet, inda na ƙasar Hausa ba su da yawa. Idan aka nemi manomi Bakano, sau da yawa hular ba ta zama zanna ba, garmar ba irin tamu ba ce, rumbun ma na wata ƙasa ne. A ganina, makomar wannan fasaha a karkara tana hannun wanda ya san waɗannan abubuwa da sunayensu, domin shi ne zai gane kuskure ya gyara. Ashe darasin al'ada da muke koyarwa ya zama kayan aikin mai zane.

Akwai kuma haɗari. Da wannan fasaha ana iya ɗora fuskar budurwa ko ta malami a jikin da ba nasu ba, a yaɗa ta WhatsApp, a gari inda kowa ya san kowa. Don haka malamin Hausa zai nuna wa ɗalibansa su riƙa duba yatsu da haƙora da rubutun da ke bayan sura, ko da yake waɗannan alamu suna raguwa kullum, su kuma tambayi wanda ya ɗauki hoton da ranar da aka ɗauke shi kafin su tura wa wani.