Hutun Ƙarshen Mako a Maraɗi: Kafin a Ɗauki Jaka

Idan albashi ya shigo kuma Juma'a ta zo, ba kowane matashin ma'aikaci ba ne yake yin hutunsa a majalisar ƙofar gida. A yankin Dutsin-Ma da Kurfi, inda Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suka tara samari masu ɗan abin hannu, akwai waɗanda da an sallame Juma'a sai tasha. Daga Kuki ko Kurfi a shiga Katsina, daga nan Jibiya, a ƙetare a Magama, a bi ta Ɗan Isa. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Wanda ya tashi da wuri, a can zai yi sallar isha'i, kuma ranar Litinin yana ofis yana nuna wa abokai hotuna: ya je ƙasar waje.

Kuma lallai akwai abin gani. Maraɗi ita ce Katsinar da ta ƙaura: bayan jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinar Maraɗi. Kusa da ita ga Tsibiri ta Gobirawa, ga tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyai da ake ziyarta. In tafiyar ta dace da Sallah, a ga hawa. In kuwa ta dace da kokawar takobi, wannan ba a ba yaro mai ƙiwuya. Tun 1975 aka fara ta a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, kuma filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Jihohin Nijar takwas ke karɓar baƙuncinta bi da bi, kowace da 'yan kokawa goma, galibi cikin sanyin ƙarshen shekara. Wanda ya taɓa jin filin ya ɗauki ihu lokacin da Isaka Isaka na Doso ya kai abokin karawarsa ƙasa ba zai zargi mai son zuwa ba.

Matsalar tana farawa ne daga sabo. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, wataƙila ma ga gidan goggo a Ɗan Gulbi, sai saurayi ya manta cewa dokar da ke kansa ta canja tun daga shingen farko.

Iyakar nan ta sha rufewa. Gwamnatin Buhari ta rufe ta a Agustan 2019. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame ta, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso, kuma ba a jima ba jaridu suka ruwaito jami'anta suna mayar da 'yan Najeriya da suka zo da takardar tafiya ta ƙungiyar kawai. Don haka “ai kullum muna wucewa” ba takarda ba ce. Mai hankali yana riƙe fasfo mai rai, da katin ɗan ƙasa, da katin rigakafin shawara, sannan ya tambayi direbobin Jibiya halin da ake ciki a makon da zai tafi, ba a bara ba. Mai babur da zai ce, “Yallaɓai, hau in zagaya da kai ta daji,” ba zai kasance a wurin ba lokacin da jandarma ya tare ka cikin gari yana neman hatimin shiga.

Sai kuɗi. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, naira kuwa ta faɗi warwas tun 2023, har jika guda, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000. Ga kuma lissafin kasuwa da dala: dala ɗaya sefa biyar ce, don haka mai nama in ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi. Baƙo da yawa sai a daren Asabar yake gane rabin albashi ya tafi a masauki da mota da gasasshen nama.

Zancen dare shi ne wanda ba a cika faɗa wa iyaye ba. Lokacin da jihohin Arewa, har da Katsina, suka ƙaddamar da shari'a a 2000, mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da dama sun ƙetare iyaka, ƙauyen Firji da ke kusa da Ɗan Isa ya yi suna a kan haka. Wasu samarin har yau suna tafiya da tunanin cewa inda babu Hisba babu mai cewa uffan. Ba su san Maraɗi ba. Gari ne na malamai da alhazai, kuma a Nuwamban 2000, lokacin boren adawa da bikin nunin tufafi na FIMA, mashaya da irin waɗannan gidaje na cikin wuraren da aka far wa a garin. Hukuma ma ba barci take ba: ƙwayar tiramol ko ƙullin wiwi a aljihu ya isa ya kai mutum gidan kaso a ƙasar da takardun kotu da Faransanci ake rubuta su, lauya kuma da sefa ake biyansa. Abokin da aka yi a wurin rawa ya ce a riƙe masa leda zuwa Katsina, a ba shi haƙuri. Cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa kuwa ba a ganinsu a fuska, kuma wanda ya kwaso, amaryar da ake shirin kawowa bayan kaka ita ma ta shiga ciki.

Wayar hannu ma tana iya jawo magana. Ƙasar tana hannun soja ƙarƙashin Janar Tiani, kuma a Yunin 2024 aka gyara dokar laifukan intanet, aka maido da hukuncin ɗauri ga mai yaɗa abin da aka ɗauka zai tada hankalin jama'a. Ɗaukar hoton bariki, ko shingen jami'ai, ko tsoma baki a siyasar ƙasar a TikTok don neman mabiya, ganganci ne. A ɗauki fada da kasuwa da filin kokawa, bayan an nemi izini.

Mutumin Kurfi ba sai an yi masa bayanin 'yan bindiga ba. Abin da ya kamata ya sani shi ne, ta wancan gefen ma Madarunfa da Gabi da Gidan Rumji sun sha satar shanu da garkuwa da mutane. Saboda haka lissafin dawowa ranar Lahadi daga hantsi yake farawa. Wanda ya tsaya kallon zagayen ƙarshe na kokawa har la'asar sakaliya, gara ya ƙara kwana, ya buga wa shugabansa waya ya karɓi faɗan Litinin, da ya bi hanyar Jibiya da ta Kurfi cikin dare. Kafin tafiya kuma a bar wa wani a gida sunan masauki da lambar wanda za a sauka wurinsa, domin layin Najeriya ba lallai ya yi aiki ba da zarar an yi nisa da Magama. Tsaraba ma a duba: kilishi da dabino ba su da matsala, amma buhun shinkafar waje an hana shigo da shi ta iyakar ƙasa, kuma kwastan na iya sauke shi tun kafin a shiga Jibiya.