Me Ya Sa "Kuɗi" Ke Komawa "Ku&Alc-i" a Akwatin Imel?

A Garu da sauran yankin Illela, inda ake hada-hadar albasa da dabbobi da 'yan Birnin Ƙwanni na Nijar, rasit da takardun kaya sun fara yawo ta imel. Mai tsari yakan buɗe folda-folda: wannan ta bashi, waccan ta abokan ciniki. Sai ran da ya sauya manhaja ko aka kwashe saƙonninsa zuwa wata sabar, ya tarar da foldar "Kuɗi" ta zama "Ku&Alc-i", ta "Ƙwanni" kuma ta koma "&AZg-wanni". Ba kutse ba ne, kuma saƙo ko ɗaya bai salwanta ba.

Tushen abin tsohuwar ƙa'ida ce. Tsarin IMAP, wanda waya ko kwamfuta ke bi wajen magana da sabar imel, Mark Crispin ne ya ƙirƙiro shi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1986. An gina shi kan jerin alamomi 128 na ASCII, wanda babu ɓ, ɗ ko ƙ a cikinsa, babu kuma é ta Faransanci.

A 1996 aka yi wa matsalar dabara: duk harafin da ba ya cikin jerin, sai a sauya shi da wasu baƙaƙe, a buɗe da alamar & a rufe da karan ɗori. Shi ya sa ɗ ke zama &Alc-. Manhajar kirki tana warware kullin kafin ta nuna wa mai ita. Wadda ba ta iya ba sai ta zubo shi ɗanye. Maƙwabta a Nijar ma ba su tsira ba, domin foldar "Envoyés" takan fito musu "Envoy&AOk-s".

Ɗigo da karan tsaye mai karkata su ma suna da nasu rikicin. Sabar da yawa masu amfani da manhajar Courier ko Dovecot suna ɗaukar ɗigo a matsayin alamar folda cikin folda, Gmail kuwa da / yake wannan aikin. Wanda ya gajarta Alhaji ya rubuta "Alh." a gaban sunan dillalinsa a jikin folda, yana iya ganin sunan ya rabe biyu, ko sabar ta ƙi karɓa.

Ga kuma bambancin rubutu a tsallaken iyaka: Nijar na rubuta ƴ, Najeriya na rubuta 'y. A wurin sabar, "ƴan kasuwa" da "'yan kasuwa" suna biyu ne daban, don haka abokan hulɗa masu akwati ɗaya sai su wayi gari da folda biyu.

Gyara ya zo, sai dai a hankali. Sabon fasalin IMAP da aka fitar a 2021 ya amince a rubuta sunayen folda da UTF-8 kai tsaye, tsarin da ya ƙunshi haruffan Hausa masu ƙugiya. Amma tsofaffin sabar da manhajoji na nan birjik.

Kafin su ƙare, mai buɗe folda ya guji ɗigo, & da / a cikin suna. Idan ya ga suna ya hargitse, kada ya yi gaggawar gogewa, domin goge folda na iya tafiya da saƙonnin cikinta. Ya fara duba akwatin ta shafin intanet ko ya sabunta manhajarsa.