Baƙin Ɓawon da Ke Riƙe da Ƙasarmu

Mai bin hanyar Gaya zuwa Ajingi a ƙarshen damina, in ya ratse cikin tsohuwar saura ko gefen maƙabarta, inda fartanya ba ta shiga kuma kofato bai cika takawa ba, ya sunkuya ya dubi ƙasa da kyau. Zai iya tarar da fuskar rairayin ta yi duhu-duhu, ta kama jikinta. In ya sa wuƙa ya ɓamɓaro, sai ya ga ɓawo ne siriri, ƙwayoyin yashi na reto a ƙarƙashinsa, wasu zarurruka da ido ke gani da ƙyar suna riƙe da su. Da yawanmu datti muke ɗaukarsa, ko mu ce ƙasa ce ta fara zama faƙo. To, ba faƙo ba ne. Faƙo mataccen wuri ne da dukan ruwan sama ya daddale. Wannan kuwa rai gare shi: a yayyafa masa ruwa a ɗan jira, sai a ga launinsa ya sauya, ya soma kore.

Taron halittu ne. Akwai ƙananan ƙwayoyi masu sarrafa hasken rana su yi abinci kamar yadda ganye ke yi, su ne masu saƙa zaren nan da fitar da yauƙin da ke manne yashi. Akwai gansakuka, irin wadda ke lulluɓe gindin katangar ƙasa a watan Agusta. Sai kuma laiken, tabon nan mai kama da makero da ke fitowa a jikin dutse ko ɓawon itace, wanda haɗin gwiwa ne tsakanin dangin funfuna da ƙwayoyin nan masu kore: ɗaya ya ba da mafaka, ɗaya ya ba da abinci.

Abin mamaki, inda waɗannan halittu suka fi sarauta shi ne wuri mafi sanyi a duniya. A nahiyar Antatika, can ƙarshen kudu, tsirrai masu fure iri biyu ne kacal 'yan asali, amma gansakuka ta kai iri ɗari, laiken kuwa ɗaruruwa. Me ya haɗa ƙanƙara da zafin Ajingi? Ƙishirwa. Ruwan da ya daskare ba ya shayuwa, saboda haka tsiron can da na nan matsala ɗaya suke fama da ita, kuma dabara ɗaya suka kama: su bushe ƙayau, su dakatar da komai, su jira danshi. A 2014 masana a Ingila suka ba da labarin gansakukar da aka haƙo daga daskararriyar ƙasar tsibirin Signy, mai shekara kusan 1,500, da aka ɗumama ta sai ta sake tsirowa. Sai dai girmansu na hawainiya ne. A busassun kwaruruwan Antatika an auna laiken da ke ƙara kimanin santimita ɗaya a shekara dubu. Shi ya sa yarjejeniyar Madrid ta 1991 ta hana lalata tsirran nahiyar ba tare da izini ba.

Mu dawo gida, don nan ne zancen ya shafi tuwonmu. Ƙasar gabashin Kano, musamman ta wajen iyakar Jigawa, rairayi ce marar nauyi. Iskar hunturu da guguwar farkon damina suna kwasar samanta, wato sashen da ya fi albarka, har su binne ƙaramin gero. Inda ɓawon nan yake, iska ba ta samun abin ɗauka. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta cewa irinsa ya rufe kusan kashi 12 cikin ɗari na tudun duniya, wani kuma na 2022 ya nuna yana rage ƙurar da ke tashi sama da fiye da rabi. Ban da haka, wasu daga cikin ƙwayoyin suna zuƙo sinadarin naitirojin daga iska su zuba a ƙasa, abin da muke biyan kuɗi mu saya a buhun Yuriya. A Nijar, masani Oumarou Malam Issa da abokan aikinsa sun fara wallafa bincike kan wannan ɓawo a yammacin ƙasar tun 1999.

Ba na cewa ba shi da aibi. Wani lokaci yana hana ruwa nutsewa nan take, sai ya gangara gaba. A daji wannan ruwan yakan tsaya a gindin sabara da sauran itatuwa ya amfane su, amma a tsakiyar gona dole manomi ya fasa shi. Ba kuma wanda zai ce wa makiyayi ya hana shanunsa tafiya. Damuwata ita ce wurin da ba ya hutawa ko kaɗan: saura ta ƙare saboda ƙarancin gona, burtali ya matse har dabbobi na bin sawu ɗaya, ana kwashe kara da harawa tas, a bar ƙasa tsirara daga kaka zuwa bazara. Ɓawon da aka murƙushe da rani, lokacin da yake a bushe, ba ya iya gyara kansa sai ruwa ya sauka, kafin nan kuwa iska ta gama aikinta.

Abin da za a iya yi ba ya cin kuɗi. A bar ɗan kara a kwance a gona, a ƙyale bakin iyaka da gindin itatuwa ba tare da an kankare su ba, a rage cinna wa saura wuta. Malaman gona na hukumar raya noma ta jihar Kano, KNARDA, su sa wannan cikin abin da suke koyarwa. Ɗaliban jami'ar Wudil, wadda ke nan kusa da mu, da na Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, ga aikin bincike a ƙofar gida: ku zo Ajingi da Gaya ku auna mana inda ɓawon nan ya rage.