Ɗaukar keke a mota: wace kariya ta dace da hanyoyinmu?

Duk shekara in Oktoba ta gabato, lokacin komawa lakwal, mukan ga motoci suna fitowa daga Maraɗi da Damagaram da kekuna ɗaure a sama. Yawancinsu na yaran da suka samu shiga kwaleji ne, wanda sau da yawa yana wani gari nesa da ƙauyensu. Wani keken kuma ɗan'uwa ne ya aiko daga Yamai, ya yi tafiyar sama da kilomita 600. Sai a sauke shi a tarar da ƙafa ta lanƙwashe, yaro ya koma tafiyar ƙasa. Wanda ya fi wannan muni shi ne keke ya suɓuce ana cikin gudu, alhali ga mai kabu-kabu a baya.

To, kariyar ɗaukar keke iri uku ce.

Ta farko ita ce ta saman mota, wadda muka fi sani. Motoci irin su Hiace da tsohuwar Peugeot 504 suna da ɗan kwararon ruwa a gefen rufi, nan ake maƙale ƙafafunta. Sababbin ƙananan motoci da yawa ba su da shi, kowace da irin mazaunin da aka yi mata. Kowane rufi kuma yana da iyakar nauyi, an rubuta a littafin motar. A ƙananan motoci yawanci tsakanin kilo 50 ne da 75, kuma har da nauyin kariyar kanta a ciki. Keken ƙarfe irin na da yakan kusan kilo 20. Ku yi lissafi: kekuna biyu da kariyar walda mai kauri, kun kusa iyaka tun ba a ɗora buhun hatsi ba. Kaya a sama na ƙara shan mai, yana kuma sa mota tangaɗi a kwana.

Ta biyu ita ce wadda ake ratayawa a ƙofar baya da maɗauri. Ba ta da tsada, ɗora keke a kanta ba wuya. Amma an yi ta ne don kekuna marasa nauyi, wajen kilo 15 kowane, kuma don kwalta. A hanyar jan ƙasa mai gargada maɗaurin na sassautawa, ƙugiyoyin na cin bakin ƙofa. Sannan takan rufe lambar mota da fitilun baya. Jandarma zai tsayar da kai, kuma da gaskiyarsa, don wanda ke bayanka da dare ba ya ganin ka taka birki.

Ta uku tana zama a kan ƙarfen jan tirela. Ita ta fi tsayawa daram, masu kyau na ɗaukar har kilo 60. Matsalarta, sai motar da ke da wannan ƙarfen, kuma tana ƙasa-ƙasa, in an shiga kwari ko rairayi tana iya dukan ƙasa.

Shawararmu ke nan: hanyarka da nauyin kekenka su za su zaɓa maka. Mai bin hanyar ƙauye, ta sama mai ƙafafu masu ƙarfi ta fi masa. In wajen mai walda za ka, ka ce ya yi ta da bututun ƙarfe mara nauyi sosai, a ɗaure ta da noti, a sa roba ƙarƙashin ƙafafu. Kada ka yarda a huda rufi, damina za ta ba ka labari.

Ƴan'uwa mazauna waje, ku ma ga taku. Kafin ku sayi kariya ku aiko, ku tambayi sunan motar da shekararta, a turo muku hoton rufin da na baya ta WhatsApp. Kariyar da ba ta hau mota ba, kuɗi ne aka zuba a rijiya.

Wajen ɗauri kuma, a cire feda, a juya hannun keke ya daidaita da jikinsa, a sa kwali tsakanin keke da keke. A ɗaure jikin keken da ƙafafunsa biyu da igiya mai ƙarfi. Robar tsohon tayar da muka saba da ita tana miƙewa, rana kuma na cinye ta, don haka kada a dogara da ita kaɗai. In a baya keken yake, a nisanta tayarsa da bututun hayaƙi, zafin na ƙona ta. Bayan ɗan tafiya kaɗan a tsaya a girgiza kayan da hannu, a ƙara matsewa, haka ma duk inda aka sauka daga kwalta. Direba kuma ya riƙa tuna tsawon kayansa a ƙarƙashin itatuwa, wayoyin lantarki da ƙofar tasha.

Fasinjan da ya ba yaran mota kekensa, ya tsaya ya ga ɗaurin da idonsa, kada kuma a ɗora buhu a kan ƙafar keke. Allah ya kai mu gida lafiya, ya ba yara sa'ar karatu.