Tsoron Mutuwa A Birnin New York: Wa Zai Wanke Mu, Wa Zai Binne Mu?

Ranar Lahadi 16 ga watan Janairun 2022 an jera akwatunan gawa 15 a Cibiyar Al'adun Musulunci ta Bronx, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin New York da ke ƙasar Amurka, inda jama'a suka cika masallacin maƙil, wasu suka yi sahu a kan titi cikin tsananin sanyi domin sallar jana'iza. Mamatan suna cikin mutane 17, takwas daga cikinsu yara, da suka rasu mako guda kafin nan a gobarar da ta tashi a wani dogon bene mai hawa 19 da ake kira Twin Parks. Na'urar ɗumama ɗaki ce ta haddasa wutar, ƙofar da ya kamata ta rufe kanta kuma ba ta rufe ba, hayaƙi ya bi matakala ya shaƙe mutane. Akasarinsu Musulmi ne 'yan asalin Gambiya, maƙwabtanmu da muke tsayuwa sahu ɗaya da su. Bayan sallah aka wuce da mafi yawansu wata maƙabarta a jihar New Jersey, wasu kuma aka kai su gida Gambiya.

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Maris na 2007 ma gobara ta ci mutane 10 'yan asalin Mali a unguwar Highbridge duk a nan Bronx, tara daga cikinsu yara. Duk lokacin da irin wannan ta faru sai ka ga masallatanmu sun cika na 'yan kwanaki, hira ta koma ta mutuwa, har matasan da ba sa son a ambace ta sun yi tsit. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah. To amma mene ne ainihin abin da muke tsoro?

Da farko dai akwai tsoron da Allah Ya halicci duk mai rai da shi. Kaza ma tana gudun wuƙa, kuma ba don wannan tsoron ba da babu mai duba hanya kafin ya tsallaka titi. Abin da ya bambanta ɗan Adam da sauran dabbobi shi ne, shi ya san zai mutu tun yana da ƙoshin lafiya, yana kuma yawo da wannan sani duk inda ya je. Wani masani ɗan Amurka, Ernest Becker, ya rubuta littafi a 1973 inda ya nuna cewa yawancin faɗi-tashin mutum na neman suna, tara dukiya da gina abin da zai daɗe, ƙoƙari ne na ɓoye wa kansa wannan sanin. An ba littafin kyautar Pulitzer a 1974, amma shi marubucin bai ga kyautar ba, ya riga ya rasu.

Wasu masana halayyar ɗan Adam sun gwada maganar tasa a 1989 a kan alƙalai 22 a garin Tucson na jihar Arizona. An sa wasu daga cikinsu su yi tunanin mutuwarsu kafin su yanka kuɗin belin wata mata da aka ce ana tuhumarta da karuwanci. Waɗanda aka tuna wa mutuwa sun yanka kimanin dala 455, sauran kuwa kimanin dala 50. Wato tsoron da mutum ya danne ba ya tafiya ko'ina, yakan dawo ne ta wata ƙofa, wani lokaci ya zama tsanani ga na ƙasa da kai.

Na biyu, akwai tsoron rabuwa. Mai tuƙin tasi a Manhattan ko mai gadi a Harlem ba kansa kaɗai yake ɗauke da shi ba. Akwai gida guda a Kumasi, Kano ko Maradi da ba a ɗora tukunya sai kuɗinsa sun iso, ga kuɗin makarantar ƙanne, ga ginin da bai kai linta ba. Idan irin wannan mutum ya ce yana tsoron mutuwa, sau da yawa tunanin waɗannan mutanen ne ke hana shi barci.

Na uku, wanda shi ne babba ga Musulmi, shi ne abin da ke bayan mutuwar. Tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa da zarar masu rakiya sun juya, Munkari da Nakiri za su tambayi mutum Ubangijinsa, addininsa da Annabinsa, daga nan sai zaman barzahu har ranar tashi, sai hisabi, mizani da siraɗi, makoma kuma ko aljanna ko wuta. Babu wanda ya san sakamakonsa, kuma babu komawa a gyara. Malamai sun ƙara da cewa haƙƙin mutane, musamman bashi, yana riƙe mamaci har sai an biya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware littafi na 40 kuma na ƙarshe na Ihya'u Ulumiddin ga tuna mutuwa da abin da ke bayanta. Abin da malamanmu ke nanatawa shi ne mumini ya haɗa tsoron azaba da kwaɗayin rahama, kada ɗaya ya rinjayi ɗaya, domin yanke ƙauna daga rahamar Allah shi kansa zunubi ne.

Duk waɗannan ukun kowa na da su, ko a Sakkwato yake ko a Agege. To amma akwai na huɗu wanda ya keɓanci mu mazauna irin wannan birni, wato tsoron abin da zai sami gawar kanta. A gida idan mutum ya cika da asuba, kafin azahar an wanke shi, an sa masa likkafani, an ɗora shi a makara, an kai shi makwancinsa, ba a tambayi kowa ko sisi ba sai abin da aka ba masu haƙar kabari. A jihar New York kuwa doka ta ce sai ta hannun mai lasisin shirya jana'iza za a fitar da takardar mutuwa da izinin binnewa. Idan mutuwar ta fuju'a ce, ko babu likitan da ke duba mutum, sai ofishin likitan binciken gawa na birni ya shigo, a ajiye mamaci a ɗakin sanyi. Kabari saye ake yi, kuma da yake fili ya yi wuya a cikin birni, mafi yawan Musulmi a Long Island ko New Jersey ake kai su. Kai gawa gida Afirka kuwa sai an kashe dubban daloli, kuma galibi sai an yi mata allurar hana ruɓewa kafin jirgi ya ɗauka. Bugu da ƙari, fiye da rabin masu mutuwa a Amurka yanzu ƙona su ake yi, abin da Bahaushe ba ya ko son ji.

Wanda kuwa ya mutu ba a san danginsa ba, ko dangin ba su da halin binne shi, hukuma takan kai shi tsibirin Hart da ke gefen Bronx, inda aka binne sama da mutum miliyan ɗaya tun 1869. A dogayen ramuka ake jera akwatunan katako, uku a kan juna, kuma shekara da shekaru fursunonin Rikers ne ke wannan aiki, kafin a miƙa tsibirin ga hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta birni a 2021. A watan Afrilun 2020, lokacin da cutar korona ke kashe ɗaruruwan mutane kullum a birnin nan har aka jera manyan motoci masu firji a ƙofar asibitoci, adadin da ake binnewa a tsibirin cikin mako guda ya koma kusan na yini ɗaya. Duk wanda ya ga wannan lokaci ya san cewa mutuwa babu wanka babu sallah ba tatsuniya ba ce. Wanda ke zaune da sunan da ba nasa ba, ko wanda abokan ɗakinsa laƙabinsa kawai suka sani, shi ya fi kusa da wannan haɗari.

Ba mu ne baƙar fata na farko da suka yi wannan fargaba a nan ba. A 1991, ana haƙa harsashin wani ginin gwamnati a kudancin Manhattan, aka ci karo da tsohuwar maƙabartar 'yan Afirka ta zamanin bauta, inda aka ƙiyasta an binne mutum 15,000. An tono 419 domin bincike, aka sake binne su a 2003 cikin akwatunan da aka sassaƙa a Gana. Mutanen da ba su mallaki ko kansu ba sun yi ƙoƙarin naɗe mamatansu a likkafani su binne su da mutunci, balle mu.

Iyayenmu da suka kafa Sabo a Ibadan da zanguna a Kumasi da Accra sun san wannan darasi. Duk inda suka sauka, bayan masallaci abin da suke fara nema shi ne filin maƙabarta, domin sun yarda cewa kowa akwai inda ƙasarsa take, kuma zango ba ya zama gida sai ya iya binne nasa. Masallatai da ƙungiyoyinmu na nan Bronx suna bakin ƙoƙarinsu, amma har yanzu sau da yawa sai an yi rasuwa ake zagayawa da faranti bayan sallar Juma'a, gawa tana jira kwana uku ko huɗu.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana matasa. Na ɗaya, mu shiga asusun jana'iza na masallatanmu mu riƙa biya duk wata, ko da abin da muke kashewa a katin waya ne. Na biyu, mu zauna gaban dattawa, maza da mata, mu koyi wankan gawa da ɗinkin likkafani, domin farali ne na kifaya, kuma masu yi mana shi yau tsufa na kama su. Na uku, kowa ya rubuta wasiyya: sunansa na gaskiya, lambar wayar gida, bashin da ake binsa da wanda yake bi, da inda yake so a binne shi. Dokar jihar nan ta ba mutum damar naɗa wakili a rubuce wanda zai tsaya kan gawarsa, ta kuma ba iyali damar ƙin yarda a feɗe mamaci saboda addini, sai dai idan akwai larura mai ƙarfi kamar binciken kisan kai. Hukumar birni ma tana da tallafin jana'iza ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda aka ɗaga daga dala 900 zuwa 1,700 a 2020. Da yawa daga cikinmu ba su san da waɗannan ba sai ranar da aka makara.

Ga iyayenmu da ke gida kuma, idan ɗanku ya rasu a nan aka ce za a binne shi a nan, ku yi haƙuri ku yarda. Kuɗin jirgin da za a kashe sun fi amfani a biya masa bashi, a riƙe marayunsa, ko a haƙa rijiya da sunansa.

Wannan shiri shi ne rabin da ke hannunmu. Ɗaya rabin, wato amsar da za mu bayar a kabari, babu ƙungiyar da za ta tara mana shi, sai sallah a kan lokaci duk da aikin dare, cin halal, da mayar wa mutane haƙƙinsu tun ana ganin juna. Mutuwa rigar kowa ce. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, a kuma samu masu yi mana sallah, amin.