Inda zinare ke ɓuya: abubuwan ban mamaki a taƙaice

Zinare ɗan bin tsaga ne. Ruwa mai zafi ke ɗauko shi daga can ƙarƙashin ƙasa, ya biyo inda dutse ya dare, ya zube shi tare da farin dutse. Shi ya sa tun kafin a kafa diga, masana ke baje hoton tauraron ɗan'adam da taswirar maganaɗisun ƙasa suna farautar dogayen layuka miƙaƙƙu.

Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya ce har girgizar ƙasa na da hannu: tsaga ta buɗe farat ɗaya, ruwan ciki ya zama tururi, zinaren ya maƙale a jikin dutse nan take.

Sai dai uwar tsagar ba ta cika riƙe dukiyar ba, rassanta ƙanana ne ke samun rabo. Gwal ɗin Anka, Maru da Birnin Gwari yana kusa da dogayen tsagogi biyu, ta Anka zuwa Yawuri da ta Kalangai zuwa Zungeru. Obuasi ta Ghana, inda kamfani ke haƙa tun 1897, ita ma a kan tsaga take.

Ba kowane layi ne tsaga ba fa. Kwamfuta takan zana titin mota ko layin dogo ta ce ga tsaga, sai an taka da ƙafa a gane.

Ɓangaren lissafi ya fi ban sha'awa. A 1951 wani injiniyan Afirka ta Kudu, Danie Krige, ya nuna yadda za a ƙiyasta zinaren da ke tsakanin ramukan gwaji daga abin da maƙwabtansu suka bayar. Yau da dabararsa ake zana taswirar ruwan sama. Wata dabarar kuma daga likitoci aka aro ta: yadda ake auna alamomi a gano cuta, haka masana a Kanada suka auna kusanci da tsaga, irin dutse da sinadaran laka, kowanne da nauyinsa.

A 2000 kamfanin Goldcorp ya yi abin da masu haƙa ba sa yi, ya zuba sirrin mahaƙarsa ta Red Lake a intanet, da ladan dala 575,000 ga masu nuna inda za a haƙa. Wasu 'yan Ostareliya ne suka zo na ɗaya.