Faifan Naka Ne, Makullin Ba Naka Ba

A watan Janairun 2000, 'yan sandan Norway masu binciken laifukan tattalin arziki suka dira gidan su Jon Lech Johansen, suka kwashe kwamfutocinsa, suka tafi da shi don amsa tambayoyi. Shekarunsa 16 a lokacin. Abin da ya jawo masa wannan shi ne wata 'yar manhaja mai suna DeCSS, wadda shi da wasu mutum biyu da suka ɓoye sunayensu suka haɗa, aka sake ta a intanet a watan Oktoban 1999.

Aikin manhajar guda ɗaya ne: buɗe faifan DVD. Kamfanonin fim sun kulle faifansu da wani tsari da ake kira CSS, wanda ke hargitsa hoto da sauti ta yadda babu na'urar da za ta nuna fim ɗin sai wadda maƙerinta ya sayi lasisi aka ba shi makullin sirri. Mai kwamfutar da ke aiki da Linux, manhajar nan ta kyauta da masu sa kai ke ginawa, ba shi da irin wannan na'ura. Ya je kanti ya biya kuɗinsa, ya dawo gida da faifan da ba zai iya kallo ba. Tamkar a sayar maka da akwati ne, mai shagon ya riƙe makullin, sannan a ce in ka kai wa maƙeri ya yanka maka wani, kai da maƙerin duk kun yi laifi.

Kotun Oslo ta wanke Johansen a watan Janairun 2003. Masu gabatar da ƙara suka ɗaukaka, kotun gaba ta sake wanke shi a watan Disamba na shekarar. Hujjar alƙalan mai sauƙi ce: yaron ya sayi faifansa da halaliyarsa, buɗe abin da ka mallaka ba kutse ba ne. Amma kafin a kai ga haka, shekara kusan huɗu na ƙuruciyarsa sun tafi a zaryar lauyoyi.

A Amurka labarin ya sha bamban, domin can akwai dokar da aka yi musamman saboda irin wannan. A watan Oktoban 1998 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ake kira DMCA, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar haƙƙin mallaka ta duniya ta 1996. Sashe na 1201 na dokar ya zo da abin da ba a saba ba. Da can, laifin satar fasaha shi ne ka kwafi aikin wani ka raba ko ka sayar. Wannan sashe ya ƙara laifi biyu: karya kariyar da aka sa wa aikin, ko da ba ka kwafi komai ba, da kuma ƙera ko raba wa jama'a kayan aikin karya ta. Wanda ya yi da gangan don neman kuɗi yana iya shan ɗaurin shekara biyar ko tarar da ta kai dala 500,000 a karon farko. Laifi na biyun nan shi ne ya rutsa da masu rubuta manhaja, domin a wurinsu kayan aiki da bayani abu ɗaya ne. In ɗalibi ya tambayi yadda tsarin kulle yake aiki, amsar da ta fi fitowa fili ita ce a rubuta masa layukan umarnin kwamfuta ya karanta. Layukan nan kuwa, in aka ɗora su a na'ura, za su buɗe kullen.

Eric Corley, mawallafin mujallar 2600, yana cikin waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗar wannan sashe. Ya buga labarin DeCSS a intanet, ya haɗa da manhajar. Manyan kamfanonin fim takwas suka maka shi a kotu a New York. Da aka umarce shi ya cire, sai ya cire, ya bar adireshin wuraren da za a same ta. A watan Agustan 2000 Alƙali Lewis Kaplan ya hana shi har wannan nunin, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a watan Nuwamban 2001. Kotunan ba su musa cewa rubutun manhaja wani nau'in magana ne da tsarin mulkin Amurka ke karewa ba. Sun dai ce magana ce mai aiki da kanta, don haka gwamnati na da damar taƙaita ta. Wannan hukunci ne ya fi damuna a dukkan labarin. Ɗan jarida ne fa, kuma an hana shi nuna wa masu karatunsa inda abin da yake ba da labari a kai yake.

Masana suka mayar da martani da tambaya: a ina magana ta ƙare, na'ura ta fara? David Touretzky na jami'ar Carnegie Mellon ya tara hanyoyi iri-iri da aka bayyana sirrin CSS. Wasu sun buga shi a jikin riga, wasu sun rera shi, wani ya tsara shi da waƙe. Keith Winstein da Marc Horowitz suka matse shi cikin layi bakwai kacal. A 2001 wani mai lissafi, Phil Carmody, ya samo wata lamba mai tsawon alƙalumma 1,401 wadda in aka warware ta, manhajar ce ke fitowa. To shin lambar ma haramtacciya ce?

Shekarar 2001 ta nuna cewa ko yin jawabi a taro yana da haɗari. Farfesa Edward Felten na jami'ar Princeton ya amsa gayyatar da masana'antar waƙa ta yi a fili, cewa kowa ya gwada karya sabuwar kariyarta. Shi da abokan aikinsa suka karya. Da suka shirya gabatar da sakamakon, sai ga wasiƙar gargaɗi mai ambaton DMCA, suka janye takardar a watan Afrilu, ba su gabatar ba sai Agusta. A watan Yuli kuma aka kama Dmitry Sklyarov, ɗan Rasha, a Las Vegas bayan ya yi jawabi kan raunin kariyar littattafan kwamfuta na kamfanin Adobe. Manhajar da ya rubuta wa kamfaninsa, ElcomSoft, a Mosko ya rubuta ta. Ya yi mako uku a tsare, bai koma gida ba sai ƙarshen shekara, kuma a watan Disamban 2002 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke kamfanin.

Ba na cikin masu ganin satar fasaha ƙaramin abu ne. Duk wanda ya ga yadda kwafin faifai ya durƙusar da kasuwar fim ɗin Hausa a Kano, furodusa ya zuba jarinsa, washegarin fitar fim a gan shi a baro ana sayar da jabu, ya san kukan masu haƙƙi na gaskiya ne. Amma masu buga jabu da yawa ba su taɓa buƙatar DeCSS ba. Injinsu na kwafe faifan ɗungurungum, har da kullen. Waɗanda dokar ta fi tsorata su ne masu aiki a fili da sunansu: malamin jami'a, mai binciken tsaro, ɗalibi, da makahon da ke son manhajar karatu ta karanta masa littafin da ya saya.

Majalisar Amurka ta bar wata 'yar ƙofa. Duk shekara uku Ɗakin Karatu na Majalisa yana fitar da jerin abubuwan da aka yafe, kamar buɗe wayar salula, gyaran mota da tarakta, da sauƙaƙa wa makafi karatu. Sai dai yafewar ta tsaya ga wanda ya buɗe da hannunsa. Hanin raba kayan aikin yana nan. Manomin da doka ta ba damar gyara taraktarsa sai ya iya rubuta manhajar da kansa, don wanda ya iya ya ba shi yana iya shiga uku.

Maganar ba ta mutu da zamanin DVD ba. A watan Oktoban 2020 ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta sa GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya cire youtube-dl, manhajar da 'yan jarida da masu adana tarihi ke sauke bidiyo da ita. Bayan lauyoyin EFF, ƙungiyar kare 'yancin masu amfani da intanet, sun sa baki, aka mayar da ita a watan Nuwamba, GitHub ya ware dala miliyan ɗaya don kare masu rubuta manhaja. Masu manhajar Yuzu, wadda ke buga wasannin Nintendo Switch a kwamfuta, ba su yi wannan sa'ar ba: a watan Maris 2024 suka amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4, suka rufe aikin.

Abin ya iso gida. Matasanmu da ke koyon rubuta manhaja a Kano, Kaduna ko Zariya, a GitHub suke ajiye aikinsu, kuma kamfanin Amurka ne, mallakar Microsoft, mai bin dokar Amurka. Takardar ƙorafi ɗaya ta isa a sauke aikin da mutum ya ɗauki watanni yana yi, har da kwafin da abokansa suka ɗauka. Najeriya ma ta bi sahu: Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, ta hana karya kariyar fasaha da yin fataucin kayan karya ta. Shawarata ga malaman da ke koyar da matasan nan ita ce a sa wannan batu cikin darasi tun daga farko. Ɗalibi ya san cewa bayanin yadda kulle ke aiki ya fi aminci a kan liƙa makullin sirrin kansa, cewa sa farashi a kan irin wannan manhaja yana ƙara nauyin laifin, kuma duk wanda ya gano rauni a kariyar wani kamfani ya ga lauya kafin ya wallafa.